Ina dogayen benaye na gaba za su tashi a tsakiyar birni?

Ɗan Safiyo:
Salamu alaikum 'yan zaure. An yi shiru kwana biyu, bari in tayar da ƙura. A ba ka taswirar tsakiyar babban birni, kowanne ne, inda bankuna da ofisoshi da manyan otal suka taru, a ce sa yatsa inda bene mai hawa 40 ko 50 na gaba zai tashi nan da shekara goma sha biyar, ina za ka nuna? Ni dai kullum idona yana kan filayen fakin, irin shimfiɗaɗɗun nan da aka malala wa kwalta aka kafa ɗan ɗakin mai karɓar kuɗi a bakin ƙofa. Babu rusau, babu ɗan haya da za a tasa, mai wurin galibi mutum ɗaya ne ko kamfani ɗaya, kuma shi ma ba don ƙaunar motoci ya bar shi haka ba, jira yake ƙasar ta ƙara tsada. Ku buɗe hoton sama na biranen Amurka irin su Houston da Detroit ku ga yadda fakin ya cinye tsakiyar gari. Ko akwai inda kuke ganin ya fi nan?

Na Ƙasa:
Wa alaikumus salam. To Malam Safiyo in an gine fakin ɗin, motocin mutanen da za su cika benen a kai za a ɗora su? 😂

Ɗan Safiyo:
A ƙarƙashin ƙasa mana, ko hawa na ɗaya zuwa na biyar a bar wa motoci, ai haka ake yi ko'ina.

Injiniya:
Ƙarƙashin ƙasa a baki yana da sauƙi. Duk hawa ɗaya da ka ƙara nutsawa ya fi na samansa tsada, don sai ka tokare bangon ramin kar ginin maƙwabci ya zame ya biyo ka, in kuma ruwan ƙasa yana kusa to famfo ba zai huta ba dare da rana har a gama zuba kankare. Kuma tun kafin maganar mota, ni ba na kallon fili in ce ga wurin bene sai na ga sakamakon gwajin ƙasa. Ku tuna Millennium Tower na San Francisco, hawa 58, an gama shi 2009, masu kuɗi suka yi rububin saye. Turakun fandishonsa a cikin yashi suka tsaya ba su kai ga dutse ba, zuwa 2016 sai ga shi ya nutse kusan santimita 40 kuma ya karkata gefe guda. Gyaran ya ci wajen dala miliyan 100, ban da shari'u. Alhali a ido wurin lafiya lau ne, tsakiyar gari, kusa da tasha, duk abin da dillali yake so ya faɗa.

Ɗalibar Zane:
Injiniya tambaya don Allah, kenan dole sai turaku sun taɓa dutse? Mu dai haka muka ɗauka a aji

Injiniya:
A'a ƙanwata ba dole ba ne. Burj Khalifa da yake mita 828 ma ba a kan wani dutse mai tauri yake zaune ba, turaku 192 ne aka nutsa kusan mita 50, aka ɗora musu faifan kankare mai kauri mita 3.7, riƙon da ƙasa take yi wa jikin turakun shi ke ɗauke da nauyin. Abin dai lissafi ne, da kuma sanin me maƙwabta za su haƙa gobe, don a San Francisco har da rigimar ko haƙar da aka yi a gefe da zuƙe ruwan ƙasa sun taimaka. Tsoffin tashoshin jiragen ruwa da wuraren da aka cike fadama su suka fi ba mu ciwon kai, kuma abin haushi su ne suka fi samun faɗin fili.

Baba Mai Ritaya:
Yarana sannunku. Na karanta duka. Ɗan Safiyo ka yi hange amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Filin fakin ɗaya sau da yawa bai isa ba. Dogon bene yana son gindi mai faɗi, yana son hanyar shigar manyan motocin kaya, yana son tazara tsakaninsa da maƙwabci. Sai ka ga filin da ka hango yana buƙatar a haɗa masa ƙananan gidaje huɗu biyar na gefe, to nan ake yin ta. A zamanin da nake aikin tsara birni na ga fayil ɗin da ya tsufa a kan teburi saboda ɗan shago guda a kusurwa, mai shi ya rasu, magada sun warwatsu, wani yana ƙasar waje wani ba ya magana da wani, ga wata gwaggo da ta ce ita ko nawa za a ba ta ba ta sa hannu don a nan aka haife ta. Kamfani ya sayi duk kewaye yana biyan kuɗin ruwa a banki, shagon nan yana tsaye da kwanonsa mai tsatsa. Kada ku ɗauka wannan sai a ƙananan wurare. A Tokyo aikin Azabudai Hills an fara zama da masu filaye tun 1989, mutum wajen 300, ba a buɗe shi ba sai Nuwamban 2023. Sama da shekara 30, kuma mafi yawansu ba gini ake ba, lallashi ake. Ginin da kansa, mai sama da mita 320, shekara huɗu ya ɗauka.

Na Ƙasa:
Allah ya ja kwanan gwaggo, ni ina bayanta wlh

Anti Mai Gidaje:
Duk kun tsaya kan ƙasa da takarda, ba wanda ya tambayi wa zai shiga ya biya haya. Ni sana'ata kenan, kuma in gaya muku gaskiya banki ba ya sakin kuɗin dogon benen ofis sai ya ga babban ɗan haya ya sa hannu tun ginin yana takarda, in kuma gidajen kwana ne sai an sayar da kaso mai yawa tun kafin a haƙa rami. Tun bayan korona ma'aikatan ofis da yawa kwana biyu uku suke leƙowa a mako, kamfanoni suna rage faɗin wurin da suke kamawa, ga kuɗin ruwa da ya hau a 2022, to wa zai zuba kuɗi a sabon ofis mai hawa 50 alhali na kusa da shi rabi duhu ne da daddare kuma da rana ma duhun ne. Fili kam akwai shi Malam Safiyo, ba fili ne ya yi ƙaranci ba.

Ɗan Safiyo:
Anti ai ba yau aka fara ba, benen Empire State na New York da aka buɗe 1931 a tsakiyar karayar tattalin arziki shekaru ya yi mafi yawansa babu kowa a ciki har ana masa ba'a, yau fa? Gini na shekara ɗari ne, kasuwa kuwa juyawa take.

Anti Mai Gidaje:
Eh ya cika daga baya, amma tambayi wanda ya fara zuba kuɗin. Canary Wharf a Landan ma ai haka ne, tsohuwar tashar jiragen ruwa ce da aka rufe, kamfanin Olympia & York ya gina One Canada Square aka gama 1991, shekara ɗaya tak 1992 kamfanin ya durƙushe. Wurin bai yi rai sosai ba sai da layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Jubilee ya iso 1999. Wanda ya fara ya sha wuya, na bayansa suka kwashi romo. Ni kuma ba na so in zama ta farko, shi ya sa har yanzu ina da abin sawa a baki hhh

Baba Mai Ritaya:
Hajiya kin taɓo inda nake so a zo. Jirgi. In kuna neman inda benaye za su tashi ku bar kallon fili, ku kalli inda gwamnati za ta kafa tasha. Bene mai hawa 50 na ofis yana zubo dubban mutane kan titi cikin awa guda da yamma, babu titin da zai ɗauke su da mota ko layi nawa ne. Hong Kong sun gane wannan da wuri, kamfanin jirginsu MTR shi ake ba wa izinin gini a saman tashoshi da kewaye, ribar gidajen ta taimaka wajen biyan kuɗin layin. A New York kuma da za a gina One Vanderbilt a gefen tashar Grand Central, sai da masu ginin suka ɗauki nauyin gyaran hanyoyin shiga tasha na kusan dala miliyan 220 kafin a ƙyale su su kai tsawon da suke so, aka buɗe shi 2020. Hudson Yards ma a saman filin ajiye jiragen ƙasa aka shimfiɗa dandamali aka gina unguwa guda, jirage suna shige da fice a ƙasa, kuma sai da aka ja layin jirgi zuwa wurin tukuna. To ni yatsana a kan tasha yake, da duk abin da ke tafiyar minti biyar zuwa goma da ƙafa daga bakinta, ko da akwai gini a kai yanzu.

Ɗalibar Zane:
Baba ni fa tambayata daban ce, wai dole ne sai an yi dogayen? Paris mutum kusan dubu 20 ne a kowace murabba'in kilomita, ta fi birane da yawa masu benaye cunkoso, kuma yawancin gidajenta hawa shida bakwai ne. Da suka gina benen Montparnasse 1973 mai mita 210 mutane suka tsane shi har 1977 aka kafa dokar kar gini ya wuce mita 37, dogayen aka tura su unguwar La Défense a bayan gari. An sassauta daga baya, 2023 suka sake dawo da dokar. Kenan birni zai iya cika da mutane ba tare da ya toshe wa kansa rana ba

Na Ƙasa:
Yauwa ƙanwata faɗa musu. Ni abin da ke ba ni haushi da dogayen nan, ka bi ta gindinsu ka ji, iska kamar za ta ɗauke ka, rana ba ta sauka, babu mai shago babu mai zama, sai gilashi da mai gadi yana hararar ka. A Leeds ta Ingila iskar gindin wani dogon bene ta taɓa kifar da babbar mota kan mai tafiya a ƙasa ya mutu, 2011. A Landan kuma wani mai lanƙwasasshen gilashi ya tattara hasken rana ya narkar da jikin motar mutum 2013. Wai ci gaba.

Injiniya:
Na Ƙasa duk biyun da ka kawo gaskiya ne amma kuskuren zane ne kuma an gyara su, na Leeds an kafa masa shingayen karya iska, na Landan an sa masa abin tare rana. Yanzu birane da yawa ba sa ba da izini sai an gwada ɗan samfurin ginin a ramin iska, wato wurin da ake hura masa iska a ga yadda za ta bi ta jikinsa. Ita kuma maganar Paris, ƙanwata ki lura Paris gaba ɗayanta ce hawa shida, unguwa bayan unguwa babu giɓi. Yawancin birane ba haka suke ba, tsakiya ce kawai aka yarda a yi tsawo, kewaye duk gidaje ne masu hawa ɗaya biyu kuma masu su ba za su yarda a taɓa ba, to duk matsin sai ya taru a ɗan wuri guda ya harba sama. In kina son hawa shida ko'ina sai kin fara yaƙi da unguwanni ɗari, shi kuwa dogo yaƙi ɗaya ne.

Ɗalibar Zane:
To ai gara a yi yaƙin ɗarin a huta 😅

Baba Mai Ritaya:
'Yata wanda bai taɓa zama a taron jin ra'ayin jama'a ba shi ke faɗin haka. Amma kin yi gaskiya a abu guda, tsawo doka ce ke yanka shi kafin kuɗi. New York ma da ake gani, Equitable Building da aka gama 1915 ya miƙe sambal daga bakin titi ya jefa maƙwabta cikin inuwa, 1916 aka kafa dokar farko ta tsara gine-gine wadda ta ce in kana hawa sai kana ja da baya, shi ya sa tsoffin benayensu suke da siffar matattakala. 1961 aka koma lissafin jimlar faɗin daɓen da za ka iya ginawa gwargwadon faɗin filinka. Daga nan cinikin sararin sama ya samo asali, wato maƙwabcinka mai gajeren gini da bai cinye rabonsa ba ya sayar maka da ragowar ka ɗora a naka. Siraran benayen nan na kusa da Central Park da haka aka yi su, benen 111 West 57th mita 435 ne amma faɗinsa bai wuce mita 18 ba. Saboda haka wani lokacin wurin da ya fi daraja shi ne gefen tsohon ginin tarihi da aka hana rushewa, don samansa na sayarwa ne kuma ka tabbata ba mai toshe maka taga har abada. Wasu biranen kuma filin jirgin sama ne ya danne su, San Diego ba a wuce ƙafa 500 a tsakiyar gari saboda jirage na sauka ta nan. Landan kuma akwai hanyoyin hangen cocin St Paul's da ba a yarda a tare ba. Duk wannan ba za ka gan shi a hoton sama ba Ɗan Safiyo.

Ɗan Safiyo:
Baba na ji, amma doka ai mutane ne suka rubuta, in kuɗi ya yi nauyi ana canza ta. Ku dubi Makka, ganuwar Ajyad ta zamanin Usmaniyya aka rushe 2002, Turkiyya ta yi ta ƙorafi, yau hasumiyar agogo ce a wurin mita 601.

Na Ƙasa:
Kuma har gobe akwai masu jin zafin abin. Ba duk abin da aka iya ba ne ya kamata.

Anti Mai Gidaje:
Can ai lissafin daban ne, miliyoyin baƙi ne kowace shekara kuma kowa so yake ya kwana kusa da Harami, ɗaki ba ya kwana babu mutum. Wannan shi ne abin da nake faɗa tun ɗazu, inda buƙata take nan bene yake tsayawa da ƙafarsa. Inda kuma aka yi don a ce mun fi kowa tsawo sai ka ga kango. Goldin Finance 117 a Tianjin ta Chaina ya kai mita 597 aka tsaya 2015 ya shekara kusan goma a haka. Jeddah Tower an fara 2013 aka tsaya 2018 yana hawa sittin da 'yan kai, sai 2025 aka koma. Ita kanta Chaina da ta fi kowa yawan dogaye 2021 ta hana sabon gini ya wuce mita 500, ta kuma tsaurara kan masu wuce 250. Wanda ya fi ka sanin abu in ya ja birki ai sai ka duba.

Injiniya:
Anti akwai dalilin da ya sa lissafin ke lalacewa in an yi sama da yawa, kuma ba siminti ba ne, lif ne. Duk hawan da ka ƙara yana son ƙarin lif, kowane lif kuma rami ne da ya ratsa duk hawayen da ke ƙasa ya cinye wurin da za a ba da haya. Ga matattakalar gudun gobara, ga bututun ruwa da na iska da wayoyi, ga hawa guda guda da ake warewa injina kaɗai. Sai ka tarar cibiyar ginin ta yi ƙiba, abin hayar ya rame. Tsohon World Trade Center na New York dabara suka yi, babban lif ya kai ka hawa na 44 ko 78 ka sauka ka canza ƙarami, don ramuka su hau kan juna. Igiyar ƙarfe kuma in ta kai wajen mita 500 nauyin kanta ma ya zama matsala. Ku je gindin dogon ofis ƙarfe takwas saura na safe ku tsaya ku kalla, layi har bakin ƙofa, kowa ido a kan lambar da ke saukowa, ƙofa ta buɗe mutum goma sha su dunguma sauran su koma duba agogo, in lif ɗaya ya lalace ranar to ranar kowa ya makara. Ɗan haya ba ya manta wannan in lokacin sabunta yarjejeniya ya zo. Shi ya sa ni a ganina abin da za a fi gani nan gaba hawa 20 zuwa 40 ne, kuma na kwana, don gidan kwana bai kai ofis cin lif ba kuma sirari ma ya wadatar, ƙaramin fili ya ishe shi.

Ɗan Safiyo:
To ka ga an dawo kan fakin ɗina kenan. Sirari, ƙaramin fili, mai shi ɗaya.

Injiniya:
In ƙasar ta yarda.

Baba Mai Ritaya:
In kuma yana kusa da tasha.

Anti Mai Gidaje:
In kuma akwai mai saye 😂 amma tsaya, akwai wurin da duk ba ku ambata ba, benayen da suke tsaye yanzu. Tsoffin ofisoshin shekarun 1960 zuwa 1980 da ba mai so. Calgary a Kanada bayan faɗuwar farashin mai 2014 ga korona ta biyo baya, kusan kashi ɗaya cikin uku na ofisoshin tsakiyar gari babu kowa, 2021 hukumar birnin ta fito da tsari tana ba masu gini dalar Kanada 75 kan kowace murabba'in ƙafa in sun mayar da ofis gidan kwana. To kafin a haƙa sabon rami sai an fara cinye waɗannan, wanda ya gyaru a gyara wanda bai gyaru ba a sauke shi, kuma filin da ke ƙarƙashinsa ya fi kowane fakin, don takardunsa a haɗe suke, ruwa da wuta da magudana duk sun iso, dokar tsawo ma ta riga ta amince da shi.

Ɗalibar Zane:
Mun yi wannan a darasin zane, wahala ce wlh. Ofis faɗi gare shi, daga taga zuwa cibiya nisa, in ka yanka ɗakuna sai na ciki su zama kogo babu taga babu iska. Banɗaki kuma a ofis wuri ɗaya aka tara su kusa da lif, gidan kwana kowane gida da nasa da kicin, sai an huda daɓe ko'ina. Tsoffin na kafin zuwan AC sun fi sauƙi don dama sirara aka yi su saboda haske

Na Ƙasa:
Duk naku lissafin masu kuɗi ne. Ni tambayata wa zai kwana a ciki? Mai shara da mai gadi da direban bas da suke riƙe da tsakiyar garin su dai kullum daga nesa za su riƙa zuwa, benen kuma rabinsa masu ajiye kuɗi ne suka saya suka kulle, fitila ba ta kamawa. Sannan in abu ya lalace fa? Grenfell a Landan hawa 24 ne kawai, Yunin 2017, mutum 72 suka mutu, matattakala ɗaya tal, abin da aka lulluɓe bangon da shi ya kama kamar takarda. Tsanin 'yan kwana-kwana galibi iyakarsa wajen hawa goma. Wanda ke na 35 sai dai addu'a.

Injiniya:
Allah ya kiyaye. Amma dogon bene dama ba da tsanin waje ake kashe gobararsa ba, daga ciki ne, bututun ruwa mai hawa har sama, na'urar yayyafi a kowane ɗaki, ƙofofin da ke tare hayaƙi, matattakala biyu. Bayan Grenfell Ingila ta ce sabbin gidajen kwana da suka wuce mita 18 sai da matattakala ta biyu. Inda nake tare da kai ɗari bisa ɗari shi ne kulawa. Bene ba a gama shi ranar yanke ƙyalle, kullum yana cin kuɗi, famfon tura ruwa sama, gyaran lif, gwajin na'urar gobara, in masu gida suka daina biyan kuɗin hidima shekara kaɗan ya isa ya zama abin tsoro. Birnin da wutarsa ba ta tsayawa ko hukumar duba gininsa ta yi sanyi, ni ban ba shi shawarar ya yi gaggawar hawa sama ba ko fili kyauta ne.

Baba Mai Ritaya:
Johannesburg ta nuna wannan ƙarara. Carlton Centre 1973, hawa 50, shekaru da dama shi ne mafi tsawo a Afirka. Ponte City 1975, dogon bene mai rami a tsakiya, gidajen 'yan gayu. Da kamfanoni suka fara guduwa unguwar Sandton, har kasuwar hannun jari ta bi su shekarar 2000, sai tsakiyar gari ta zama wurin da ake gudu, otal ɗin Carlton aka rufe, ramin tsakiyar Ponte shara ta taru a ciki hawa da hawa kafin daga baya a kwashe a gyara shi. Benayen ba su matsa ko taku ɗaya ba, tsakiyar ce ta tashi ta bar su. Saboda haka Ɗan Safiyo kafin ka sa yatsa ka tabbata inda kake kira tsakiya nan da shekara ashirin ma ita ce tsakiya. Na Ƙasa kai kuma maganar talaka, ba tsawo ne ke korarsa ba, wanda ya mallaki ƙasar ne. Singafo gwamnati ce ke riƙe da mafi yawan ƙasa, kusan kashi 80 na mutanenta a gidajen hukumar gidaje suke, Pinnacle@Duxton benaye bakwai masu hawa 50 da aka gama 2009 a gefen unguwar bankuna gidajen gwamnati ne.

Na Ƙasa:
Baba Singafo guda nawa ce a duniya? Kuma su ma na ji waɗancan ɗin in an tashi sake sayarwa sai mai ƙwari

Baba Mai Ritaya:
Haka ne sun yi tsada a hannu na biyu. Amma filayen gwamnati suna nan a tsakiyar kowane birni, tsohon gidan waya, tsohuwar ma'ajiyar bas, barikin da gari ya cim masa, filin layin dogo. Su ne kaɗai wuraren da hukuma za ta iya cewa ga fili amma kaso kaza na masu ƙaramin ƙarfi ne, a rubuce, kafin a sa hannu. In ta sayar wa mafi tsoka ta karɓe kuɗi to shi kenan an wuce wurin.

Anti Mai Gidaje:
Baba in kason ya yi yawa kuma ba mai zuwa, na ga tallan fili irin wannan da aka yi ta maimaitawa babu wanda ya taya. Sai an bar wa ɗan kasuwa abin da zai gani.

Ɗan Safiyo:
To ni dai ban sauka daga kan fakin ba, sai dai na rage su, wanda ke kusa da tasha kuma ba a kan fadamar da aka cike ba. Injiniya in na turo maka taswira guda biyu da na yi wa alama za ka iya faɗa min wanne ya fi?

Injiniya:
Turo, amma haɗo da rahoton gwajin ƙasa na ginin da ya fi kusa da kowanne, da zurfin da suka samu ruwa. In babu wannan duk abin da zan faɗa maka hira ce.

Ɗalibar Zane:
A saka a nan zauren don Allah kar a koma inbox, mu ma muna so mu gani